BABI NA UKU: YADDA AKE HAƊA SAMFURIN TANKAR YAƘI NA ROBA

3.0 Gabatarwa

A wannan babi za a yi bayani ne a kan yadda ake haɗa samfurin motar yaƙi mai sulke daga gutsattsarin robar da kamfani ya zuba ya sayar a cikin kwali. Za a fara da ma'anar samfuri da ma'auni, a kawo taƙaitaccen tarihin aikin, a bayyana motar da aka zaɓa domin misali, sannan a bi matakan aikin ɗaya bayan ɗaya, tun daga buɗe kwali har zuwa shafen ƙarshe. Motar da aka ɗauka ita ce tankar T-55A ta tsohuwar Tarayyar Sobiyet, a samfurin da kamfanin Tamiya na ƙasar Japan ya fitar bisa ma'aunin 1:35.

Abin da babin yake son tabbatarwa shi ne, ma'aunin da ya rage girman tanka sau 35, shi ne kuma yake ninka girman kowane kuskure sau 35. Saboda haka, mafi yawan ingancin samfuri tun kafin a buɗe kwalbar fenti ake samunsa ko a rasa shi.

3.1 Ma'anar Samfuri da Ma'auni

Idan aka ce samfuri a nan, ana nufin ƙaramin kwaikwayon wani abu na zahiri wanda aka rage tsawonsa da faɗinsa da tsayinsa da adadi iri ɗaya. Kwaikwayon mota ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe, domin yara sun daɗe suna yin motar kara da ta langa-langa da ta gwangwani. Sai dai yaron da ya yi motar kara da ido yake aunawa, kuma idan taya ta fi ƙofa girma babu mai tuhumarsa, tun da buƙata ita ce motar ta gangara. Shi kuwa samfuri, ana tuhumarsa a kan kowane sashe, domin da'awa yake yi cewa haka ainihin motar take.

Ma'aunin 1:35 yana nufin kowace milimita ɗaya a jikin samfuri tana wakiltar milimita 35 a jikin ainihin tanka. Alal misali, tsawon T-55 idan igwarta tana fuskantar gaba kimanin mita 9 ne. Idan aka raba milimita 9,000 gida 35, za a sami kimanin milimita 257, wato santimita 26 ba kaɗan. Tsayinta na mita 2.4 zai koma kimanin milimita 69. Bakin igwarta mai faɗin milimita 100 zai koma ƙasa da milimita 3. Sojan da tsayinsa ya kai mita 1.75 kuwa zai tsaya a santimita 5 daidai.

Idan aka juya wannan lissafi, sai a ga inda nauyin aikin yake. Tsagar da aka bari mai faɗin milimita ɗaya tsakanin sassa biyu daidai take da ɓarakar santimita 3.5 a jikin sulke, wadda mutum zai iya zura yatsu biyu a ciki. Ɗigon gam mai faɗin milimita 5 daidai yake da tabon da ya kusa kai faɗin tafin hannu biyu. Zaren burushi guda da ya maƙale a cikin fenti zai zama kamar igiya a kan tanka. Wannan shi ne dalilin da ya sa kowane mataki da za a bayyana a gaba yake da tsauraran ƙa'idoji.

Akwai kuma maganar nauyi. T-55 tana da nauyin kimanin tan 36. Da yake an rage tsawo da faɗi da tsayi ne gaba ɗaya, nauyin zai ragu sau 35 × 35 × 35, wato sau 42,875. Ke nan da a ce da ƙarfe irin na asali aka yi samfurin ciki da waje, da ya kai kimanin giram 840. To amma roba ce mara nauyi, kuma cikinta fanko ne. Don haka wajibi ne mai haɗawa ya nuna wa ido nauyin da hannu ba zai ji ba, kamar yadda za a gani a wajen maganar tayoyi da sarƙa.

3.2 Taƙaitaccen Tarihi

An fara amfani da tanka a fagen fama a watan Satumba na shekarar 1916, lokacin da sojojin Ingila suka shigar da ita yaƙin da aka gwabza a yankin Som na ƙasar Faransa. Samfurin roba da mai saye zai haɗa da kansa kuwa ya bayyana ne a Ingila a shekarar 1936, a jerin jiragen sama masu suna Frog Penguin, bisa ma'aunin 1:72. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, da na'urorin zubin roba suka yawaita, sai kamfanoni irin su Airfix a Ingila da Revell da Monogram a Amurka suka mayar da abin kasuwa babba a shekarun 1950.

Shi kuwa ma'aunin 1:35, wanda a yau ya fi kowane karɓuwa a wajen motocin yaƙi, daga Japan ya samo asali. Yoshio Tamiya ya kafa kamfaninsa a birnin Shizuwoka a shekarar 1946 a matsayin wurin yankan katako, daga baya aka shiga yin samfuran itace, sannan na roba. A farkon shekarun 1960 kamfanin ya fitar da samfurin tankar Panther ta Jamus mai tafiya da batir. An tsara girman cikinta ne yadda zai ɗauki batura da ƙaramin inji, da aka auna sai aka tarar girman ya yi daidai da kashi ɗaya cikin 35 na asali. Samfuran da suka biyo baya aka ci gaba da yin su a kan wannan awo, sauran kamfanoni kuma suka bi sahu. Wato dai batir ne ya haifar da ma'aunin, ga shi kuma ma'aunin ya wanzu bayan an daina sa wa yawancin samfuran batir.

3.3 Tankar T-55A

Masu iya magana kan ce gani ya kori ji. Wanda bai san ainihin motar ba, ba zai gane ko samfurinsa ya yi kama da ita ba. Saboda haka ya kamata a san ta kafin a taɓa roba.

T-55 ta fito ne a shekarar 1958 a matsayin ci gaban T-54, sannan nau'in T-55A ya biyo baya a shekarar 1963 da ƙarin shafi a ciki domin kare ma'aikata daga tururin nukiliya. Tana ɗaukar mutum huɗu: kwamanda da direba da maharbi da mai ɗura harsashi. Injinta na dizal ne mai silinda 12 da ƙarfin doki 580. An ƙera ta a Tarayyar Sobiyet da Foland da Cekosulobakiya, kuma idan aka haɗa T-54 da T-55, babu wata tanka da aka ƙera da yawa kamarsu a tarihi. Masar da Siriya sun yi yaƙi da su a 1967 da 1973. A shekarar 1987 sojojin Cadi sun ƙwace da yawa daga hannun sojojin Libiya a arewacin ƙasarsu. Rundunar sojojin ƙasa ta Nijeriya ma tana cikin waɗanda suka mallaki T-55.

Alamomin da ake gane ta da su, waɗanda kuma dole su fito a samfuri, sun haɗa da waɗannan. Na farko, kanta, wato ɓangaren sama mai juyawa wanda yake ɗauke da igwa, ya yi kama da kifaffiyar ƙwarya. Na biyu, tana da manyan tayoyi a gurbi biyar a kowane gefe, kuma akwai tazara mai faɗi tsakanin taya ta farko da ta biyu. Wannan tazara ce take bambanta ta da T-62, wadda tata tazarar take wajen tayoyin baya. Na uku, akwai wani kumburi a kusa da bakin igwa, wanda yake fitar da hayaƙin harbi. Na huɗu, ba ta da ɗan tulluwar mashigar iskar nan da ake gani a kan T-54. Bugu da ƙari, tankunan mai suna jere a kan fiffiken dama da ya rufe sarƙa, salansa tana gefen hagu, a baya kuma akwai duro biyu na mai da wani gungumen icce da ake ɗaura wa sarƙa idan tanka ta kafe a laka.

3.4 Abubuwan da ke Cikin Kwali

Samfurin T-55A na Tamiya ya fito a shekarar 2002. Idan aka buɗe irin wannan kwali za a tarar da firam-firam na roba, kowane da harafinsa, kowane guntu a jikinsa kuma da lambarsa. Akwai sarƙa guda biyu ta roba mai laushi, da takardar tambari, da littafin umarni mai zane-zane.

Robar da ake amfani da ita sunanta folistirin. Akan narkar da ita ne a tura ta da ƙarfi cikin mazubin ƙarfe mai ɓari biyu, ta bi ta wasu hanyoyi ta cika gurbin kowane guntu. Idan ta huce, waɗannan hanyoyi su ne suke zama firam. Wannan salon zubi yana barin tabo iri uku. Akwai siririn layi a daidai inda ɓarin mazubi biyu suka haɗu. Akwai ƙananan da'irori inda ƙusoshin na'ura suka turo guntun waje. Akwai kuma lotsawa a wuraren da roba ta yi kauri ta tsuke yayin hucewa. Duk waɗannan babu su a jikin ainihin tanka, don haka aikin mai haɗawa ne ya kawar da su.

3.5 Kayan Aiki

Kayan aikin ba su da yawa, kuma wasunsu sanannu ne a wasu sana'o'i:

(i) Ƙaramar filaya mai yanka, domin cire guntu daga firam.
(ii) Siririyar aska mai kaifi, domin kankare layin zubi.
(iii) Ƙaramin magagari da samfefa mai laushi, daga lamba 400 zuwa 1,000. Gwargwadon girman lamba, gwargwadon laushin samfefa.
(iv) Hantsaki, domin ɗaukar ƙananan gutsattsari.
(v) Gam na roba, da kuma sufa gulu domin abin da ba roba ba, kamar waya.
(vi) Ƙullin cike gurbi, mai kama da wanda masu gyaran jikin mota suke shafawa kafin fenti.
(vii) Fenti da tina da burushi manya da ƙanana, ko ƙaramar na'urar feshi ga mai hali.

Gam na roba yana buƙatar ƙarin bayani, domin ya bambanta da gam ɗin takarda ko na kafinta. Waɗancan suna shiga tsakanin abubuwa biyu ne su bushe su riƙe su. Shi kuwa wannan narkar da fuskar robar yake yi, sassan biyu su cakuɗa, idan ruwansa ya tashi sai su zama abu guda, tamkar walda. Ma'anar haka ita ce abin da aka liƙa ya liƙu ke nan, ba a raba shi sai da ɓarna. Haka nan idan ya zuba a inda ba a so, zai cinye zanen wurin, kuma idan yatsa ya taɓa wurin kafin ya bushe, shatar yatsan za ta zauna a jikin roba.

3.6 Matakan Haɗawa

3.6.1 Shiri

Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Matakin farko shi ne karanta littafin umarni daga farko har ƙarshe ba tare da an yanke komai ba. Dalili kuwa shi ne kwali ɗaya yakan ba da zaɓin nau'i fiye da ɗaya. Misali, T-55A ta farko ba ta da babbar bindigar kakkaɓo jirgi mai milimita 12.7 a kanta, sai daga shekarar 1970 aka riƙa sa mata. Wanda ya ɗora wannan bindiga a kan tankar da ya ce ta 1965 ce, ya yi wa tarihi ƙarya ko da aikinsa ya yi kyau. Don haka tun a nan ake yanke shawarar ƙasa da shekarar tankar da za a kwaikwaya, a nemi hotunanta, a yi wa zaɓin alama a littafi. Bayan haka sai a wanke firam-firam da ruwa mai ɗumi-ɗumi da sabulu, domin kawar da maiƙon da zai hana fenti kamawa, a bar su su bushe a inuwa.

3.6.2 Yankewa da Gogewa

Ba a murɗe guntu da hannu a cire shi, domin yakan taho da rami ko ya bar farin tabo. Da filaya ake yankewa, a ɗan nesa da jikin guntun, sannan a bi ragowar da aska, a ƙarasa da samfefa. Ba a kuma cire guntu sai an zo kansa, saboda lambarsa a jikin firam take, kuma akwai na dama da na hagu masu kama da juna. Layin zubi kuwa kankare shi ake yi, a tsayar da bakin aska a kan robar a ja a hankali. Wannan shi ne sashen da ya fi cin lokaci da gundura. Tayoyin ƙasa kaɗai, da yake bibbiyu suke a kowane gurbi, guda 20 ne, kuma kowace da layinta a tsakiyar dandamalinta. Duk wanda aka tsallake, fenti zai fito da shi fili.

3.6.3 Gwaji da Liƙi

Ƙa'ida ita ce kada a sa gam sai an gwada haɗa sassan a bushe an ga sun zauna. Idan sun ƙi zama, akwai abin da ya tokare, sai a nemo shi a goge. Idan sun zauna, sai a riƙe su a haɗe, a taɓa bakin haɗin da ɗan burushin gam mai ruwa-ruwa. Gam ɗin da kansa zai bi tsagar ya shige, kamar yadda kananzir yake bin lagwani. Kaɗan ya isa. Idan an matsa sassan, narkakkiyar roba takan ɗan bulbulo a bakin haɗi. Ba a share ta a lokacin, sai ta bushe washegari a kankare ta, a nan ne haɗin yake ɓacewa ɗungurungum. Inda tsaga ta rage sai a cike ta da ƙulli, a bari ya bushe, a goge.

3.6.4 Tayoyi da Sarƙa

A nan ne ake nuna nauyin da aka ambata a 3.1. Bayan an liƙa hannuwan da suke riƙe tayoyi, kafin gam ya bushe, sai a ɗora gangar jikin a kan gilashi ko wani abu mai shafaffiyar fuska, a tabbatar dukkan tayoyin sun taɓa ƙasa kuma sun yi layi ɗaya. Taya guda da ta ɗaga da rabin milimita ta isa ta nuna cewa abin roba ne, domin motar tan 36 ba ta barin taya a sama a kan shimfiɗaɗɗen wuri.

Ita T-55 ba ta da ƙananan tayoyin da suke tallafe sarƙa ta sama. Sarƙar takan taso daga taya mai haƙora da ke baya, ta sauko ta kwanta a kan manyan tayoyi saboda nauyinta, sannan ta hau tayar gaba. Sarƙar roba mai laushi kuwa miƙewa take yi ɗoɗar kamar tsirkiya. Saboda haka dole a danne ta a liƙa ta a kan tayoyin tsakiya domin ta yi wannan lanƙwasa. Wasu kan sayi sarƙa mai ɗaiɗaikun gaɓoɓi ta roba mai tauri ko ta ƙarfe, wadda take kwantawa da kanta. Har ila yau, a kula da fuskar da sarƙa take kallo, domin tana da gaba da baya, kuma sau da yawa akan juya ta ba a sani ba.

3.6.5 Gangar Jiki da Kai

Daga nan sai a rufe gangar jiki, a ɗora tankunan mai da akwatunan kaya da fitilu. Bututun igwa yakan zo a tsage gida biyu. Bayan an liƙa shi, ba a goge shi da samfefa a shimfiɗe, domin zai yi fuska ya daina zama zagayayye. Naɗa samfefar ake yi a jikinsa a riƙa juya shi. Haka ake yi wa duro biyu na baya. Kan tankar kuwa, da yake na asali zubin ƙarfe ne, fatarsa tana da ɗan kaushi, don haka idan gogewa ta shafe kaushin a wani wuri, akan tausasa wurin da gam a daddanna da tsohon burushi domin ya dawo. Masu son ƙarin kamanni sukan cire maɗaukan roba masu kauri su sa na siririyar waya, su kuma ja bututun mai tsakanin tankunan da ke fiffiken dama. Abubuwa masu saurin karyewa, irin su eriya da bindigar sama, su ake bari ƙarshe.

3.6.6 Fenti

Akan fara da fentin shimfiɗa, galibi mai ruwan toka. Amfaninsa biyu ne: yana sa fenti na gaba ya kama, yana kuma tona duk wata tsaga ko layi da ya ɓuya. Abin da ya bayyana a nan sai a koma a gyara shi, domin tun ran gini tun ran zane. Sannan a shafa launin asali, kore mai duhu ga ta Sobiyet, ko ruwan yashi ga ta ƙasashen hamada. Akan tsinka fenti a shafa shi siriri sau biyu ko uku, ana bari yana bushewa a tsakani. Shafi ɗaya mai kauri yakan cike ƙananan ƙusoshi da layukan walda. Akan kuma ɗan haska launin, saboda abu idan yana nesa launinsa yakan kwanta, kuma wanda ya kalli samfuri daga nisan mita ɗaya tamkar yana kallon tanka ne daga mita 35. Daga baya sai a bi ƙananan abubuwa da siririn burushi: robar tayoyi baƙi-baƙi, sarƙa ruwan ƙarfe, gungume ruwan icce.

3.6.7 Tambari

Lambobi da tambarin runduna a kan wata siririyar fata suke, wadda take liƙe da takarda. Akan yanko wanda ake so, a tsoma shi a ruwa na ɗan lokaci, a zamar da shi daga takarda zuwa gurbinsa, a danne da auduga. Idan aka ɗora shi a kan fenti mara sheƙi, iska takan maƙale a ƙarƙashinsa ya riƙa ƙyalli kamar azurfa. Maganin haka shi ne a fara shafa banish mai sheƙi, a ɗora tambari, sannan a rufe duka da banish mara sheƙi.

3.6.8 Tsufarwa

Mataki na ƙarshe shi ne sa wa samfuri alamun aiki. Akan tsinka fenti mai duhu ƙwarai a bar shi ya gangara cikin lunguna domin ya zama inuwa. A nan akan yi amfani da fenti mai tina a kan fenti mai ruwa wanda ya bushe sarai, domin kada na sama ya narkar da na ƙasa. Sannan a ɗebi fenti mai haske a burushi, a goge shi a tsumma har ya kusa ƙarewa, a shafa a kan gefuna domin su fito. Ƙura da laka kuwa da garin launi ake yin su.

Sharaɗin wannan mataki shi ne kowane tabo ya kasance da dalili. Baƙin hayaƙi wurinsa bakin salansa a gefen hagu. Tabon mai wurinsa kusa da murafan tankuna. Ƙujewar fenti tana inda takalma da hannuwa suke yawan taɓawa, wato bakin ƙofofi. Haƙoran sarƙa da suke gogar ƙarfe kullum fari suke yi. Launin ƙura kuma ya dace da ƙasar da aka ce tankar ta yi aiki. Yawan tsatsa kuskure ne, domin tankar da take bakin aiki ana kula da ita. Wanda ya lulluɓe ta da tsatsa ya kwaikwayi wadda aka yasar ne a juji.

3.7 Auna Inganci da Kiyaye Haɗari

Ƙungiyar masu wannan aiki ta duniya, wato IPMS, wadda aka kafa a Ingila a shekarar 1963, tana shirya gasa a ƙasashe da dama. Abin da alƙalai suke fara dubawa shi ne tushen aiki: ko an bar layin zubi, ko akwai tsaga, ko tabon gam, ko tayoyi sun taɓa ƙasa, ko igwa ta miƙe, ko tambari yana ƙyalli. Sai samfuri ya tsallake waɗannan ake maganar adonsa. Wannan ya yi daidai da abin da aka faɗa a gabatarwa.

Dangane da haɗari, gam da tina suna da tururi mai cutarwa kuma suna kama wuta, don haka a wuri mai iska ake aiki, nesa da fitila ko murhu. Ana yanka ne bakin aska yana kallon waje. Ƙananan gutsattsari kuma a nisanta su daga yara. Shi kansa samfurin, ƙura da zafi su ne abokan gabarsa. Lokacin hunturu ya kamata a kifa masa kwali da zarar an shafa fenti, idan an gama kuma a ajiye shi a akwatin gilashi inda rana ba ta dukansa, domin zafi yana lanƙwasa roba, hasken rana kuma yana kashe launi.

3.8 Kammalawa

A wannan babi an bayyana ma'anar samfuri da ma'auni, an kawo tarihin aikin a taƙaice, an siffanta tankar T-55A, sannan an bi matakan haɗa samfurinta guda takwas. An ga cewa abubuwa biyu ne suke juya aikin. Na farko shi ne ma'auni, wanda yake mayar da kuskuren milimita ɗaya ya zama na santimita uku da rabi. Na biyu shi ne gam mai narkar da roba, wanda ba ya ba da damar komawa baya. Waɗannan su suka wajabta karatu kafin yanka, gwaji kafin liƙi, da gyara kafin fenti. An kuma ga cewa sanin ainihin motar, da shekararta, da ƙasar da ta yi aiki, shi ne yake hana mai haɗawa ɗora mata abin da ba ta da shi.